Guguwa da Ɗan Kwikwiyonta

A danginmu in ana maganar taurin kai, da kakata ta wajen uwa ake buga misali. Mu jikoki Kaka muke ce mata, 'ya'yanta su ce Inna, amma duk wanda ya san ta a wurin aiki Guguwa yake kiranta. Ta samo sunan ne a ɗakin yara na wani asibiti, inda ta yi fiye da rabin rayuwarta tana shara da goge-goge. An ce in yaro ya yi amai ko ya saki zawo a can ƙarshen ɗaki, kafin uwarsa ta gama cewa a taimaka, Kaka ta riga ta iso da bokiti da tsumma, ta kwashe, ta goge, ta yayyafa magani, ta wuce. Ita da bakinta takan ce, "Ƙazanta baƙuwar banza ce, in ka ba ta wurin zama sai ta aika a kira danginta."

Kakanmu ya rasu mahaifiyata tana goye. Da wannan tsintsiyar Kaka ta riƙe 'ya'ya huɗu, da ita kuma ta gina gidanta, ɗaki bayan ɗaki, in an samu hali a ɗora bulo, in babu a dakata. Shi ya sa ɗakunan ba su yi kama da juna ba. Na farko gajere ne, dogon mutum sai ya sunkuya zai shiga, na ƙarshe kuwa tagarsa ta fi ƙofarsa kyau. Tsakar gidan siminti ne, da famfo a gefe, da bishiyar gwaiba wadda ta girme ni. Kusa da famfon akwai sawun wata 'yar ƙafa a jikin simintin. Na mahaifiyata ne, ta taka tun bai bushe ba. An sha cewa a shafe wurin, Kaka ta ce duk wanda ya taɓa shi sai ya gaya mata ko shi ya ɗauko simintin a kansa.

Da ta bar aiki, 'ya'ya duk sun kama gabansu, sai ya zama ita kaɗai ce a gidan. Ba ta taɓa cewa kaɗaici ya dame ta ba. Tana share tsakar gidan da ba wanda ya ɓata, tana wanke bokitin da ba a taɓa ba, mu kuma jikoki muna zuwa muna tafiya. Ana nan a haka har ranar da ɓarawo ya haura katanga da rana tsaka, tana kasuwa, ya ɗauke tukunyar gas da dutsen guga da rediyonta, ya haɗa har da zannuwan da ke kan igiya.

Kafin la'asar Kawu ya iso. Shi ne babban ɗanta, yana da garejin gyaran motoci. Ƙato ne mai babbar murya, kuma duk duniya ba abin da yake tsoro kamar a ce wani abu ya sami mahaifiyarsa. Da yake ɗan fari ne ba ta faɗar sunansa, sai dai ta ce mai gareji.

"Inna, haɗa kayanki," in ji shi tun daga ƙofa. "Ɗakin nan tuntuni na gyara miki shi, da banɗaki a ciki, da fanka. Yau da kina gida fa? Da me za ki tare shi, da tsintsiya?"

"Da kuwa ya sha ta."

"Inna, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ban ga abin dariya ba. An sace mini rediyo, kai kuma ka zo ka sace ni. Gidan da na gina da gumina zan bar wa ɓarawo, in je in kwanta ana kunna mini fanka kamar majinyaciya?"

"To ai gida ba ya zama haka," in ji Kawu. "Ba mai gadi, ba namiji, ko kare babu."

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ce kuskurensa. Washegari da hantsi Kaka ta ɗauki bokitinta ta nufi bakin titi wurin mai faci, wanda karyarsa ta haihu a ƙarƙashin wata matacciyar mota. Ta dawo da ɗan kwikwiyo a cikin bokitin, ja-ja, da farin tabo a ƙirji, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ciki kamar an hura masa iska. Tana sauke shi ya shiga bin gida lungu-lungu yana shinshinawa, daga bakin kwata zuwa bayan randa.

"Ka ga duba-gari," in ji Kaka. "Duba da kyau, in ka sami ƙura ka kai ni ƙara."

Sunan da ya bi shi ke nan.

Ta kafa masa doka tun ranar farko. Ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar kwanon mutane, mazauninsa wani akwatin katako ne a bayan gwaiba, a lungun da ta kange da guntun kwano. Maƙwabta suka yi ta 'yan maganganu, wai tsohuwa da kare. Kaka ta ce wa maƙwabciyarta ta kan katanga, "Mai gadi na ɗauko, ba jika ba. Ran da ɓarawo ya shigo ban ji tarin kowa ba, yanzu ma a bar ni da shirun."

Matsala ɗaya ce, kuma ba a daɗe ba ta bayyana. Kwikwiyo dai yaro ne, inda ta kama shi nan yake tsugunawa. Kaka kuwa hali zanen dutse. Da zarar ta hango ya lanƙwasa baya, ko tana tsakiyar wanki ne, sai ta yar da abin hannunta, ta suri tsintsiya da ɗan shebur, ta taho a guje tana "Kai! Kai! Kai!" Kafin ya juyo ya ga abin da ya yi, an kwashe, an watsa ruwa, wurin har ƙyalli yake. Kwanakin farko tsayawa yake yi sororo yana kallon inda abin ya ɓace.

Ina gidan ranar da lamarin ya juya. Ina zaune ina tsince mata shinkafa, ya tsuguna kusa da igiyar shanya, Kaka ta taso da gudunta da ihunta. Tana tsakiyar hanya ya juya kamar walƙiya, ya lamushe kashin nan tas, ya ɗago yana kaɗa mata jela.

Kaka ta tsaya da shebur a hannu, baki buɗe.

"'Yar nan, idona ne ko kuwa?"

"Ba idonki ba ne, Kaka. Duba-gari ya duba, ya kuma kwashe."

"Rufe mini baki, ja'ira." Ta dubi kwikwiyon. "A gidana? Duk gidajen garin nan ka rasa inda za ka yi wannan abin kunya sai gidana?"

Daga ranar ya mayar da abin sana'a. Ita tana ƙara sauri, shi yana ƙara sauri.

Ta so ta ɓoye maganar, amma abin da ake yi a tsakar gida ba ya ɓoyuwa. Ran wata Asabar Kawu ya zo da matarsa da yara. Autarsa lokacin ta fara tafiya, tana dafa bango. Ana cikin gaisawa Duba-gari ya yi abinsa, Kaka ta zabura, ya riga ta. Bai tsaya nan ba, sai ya sheƙo da murna ya lashi hannun auta, ita kuma tana ƙyaƙyata dariya tana ƙoƙarin kai hannun baki. Matar Kawu ta yi salati ta fizge ta, ta nufi famfo da ita, ta yi ta dirza hannun da sabulu har yarinyar ta fashe da kuka.

"Wannan ne mai gadin?" in ji Kawu. "Wanda ko bakinsa bai iya gadi ba?"

"Yaro ne, zai daina."

"Inna, ke kika koya mana tsafta. Mun taso ko yatsa ba ma lasa sai kin duba farce. Ki gaya mini tsakani da Allah, da a asibiti ne, za ki bar wannan kusa da yaro?"

 Kaka ta dubi auta da ke shessheƙa, ta dubi ƙasa.

Kawu ya sassauta murya. "Na ba shi zuwa ƙarshen wata. In bai daina ba zan sa shi a bayan mota in mayar wa mai shi, ke kuma ki biyo ni. Ba zan bar ki ke kaɗai ba mai gadi ba, ba kuma zan bar ki da wannan ba."

"Na ji," in ji Kaka. "In bai daina ba, ni da hannuna zan kulle gidan in ba ka makulli."

Kowa ya san Kaka ba ta magana biyu. Suna fita ta juya ta kalli ɗakunanta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta nuna Duba-gari da bakin tsintsiya. "Ka ji dai. Ni da kai, shege ka fasa."

Sai aka shiga kawo magani, kowa da nasa. Maƙwabciya ta ce a barbaɗa barkono a kan kashin, in ya ji zafi zai tuba. Kaka ta ƙulla garin barkono a leda, ta ƙara shi cikin kayan gudunta. Amma ina, kafin ta iso ba abin da za a barbaɗa wa, ranar da ta yi sa'a kuwa iska ta mayar mata da barkonon, ita ta wuni tana atishawa, shi yana kallonta. Mai faci ya ce yunwa ce, a ƙara masa abinci. Aka ƙara, sai aikin ya ƙaru. Mai sayar da maganin dabbobi ya ba da maganin tsutsar ciki, ya sha, cikinsa ya saɓe, gashinsa ya yi sheƙi, ƙarfin gudunsa ya ninka. Mai gyaran takalmi ya ɗinka masa takunkumi na fata. Wannan ba zan ba da labarinsa dalla-dalla ba. Ya isa in ce takunkumi yana hana ci amma ba ya hana ƙoƙari, kuma Kaka ta ƙone shi a ranar.

Wani ya ce a doke shi, a tura hancinsa a ciki. Nan ne ta ja layi. "Na ga yaran da aka doka saboda fitsarin kwance," in ji ta. "Ba su daina ba, ɓoye zanin gado suka koya."

Wata ya raba, ba abin da ya canza sai Kaka. Ta rame, ta daina zuwa kasuwa, ko wanka za ta shiga sai ta bar ƙofar banɗaki a ɗan buɗe tana leƙe. Mahaifiyata ta ce mata, "Inna, ki haƙura mana, gidan Yaya ai gidanki ne." Kaka ta ce, "Gidana shi ne inda na san wurin da tsintsiya take ko ido a rufe."

Sai kuma ga ƙaddara. Wata safiya ta gama wanki, simintin bakin famfo ya jiƙe da ruwan sabulu, Duba-gari ya tsuguna, ta kwasa a guje, santsi ya ɗebe ta. Gwiwarta ta hagu ta murɗe. Da na zo da yamma na tarar da ita a kan 'yar kujera a gindin gwaiba, ƙafar a miƙe, ta kumbura kamar gwanda, ta ɗaure da tsohon ɗankwali.

"In kika gaya wa uwarki ko mai gareji," in ji ta, "na cire ki daga jikokina."

"Kaka, wannan ai sai asibiti."

"Asibitin ni za ki gaya wa? Zauna ki ji abin da ya fi ƙafar."

Na lura idonta yana wani irin ƙyalli, ba na mai ciwo ba. Ta ce bayan ta ja jiki ta hau kujerar, da rana ta yi, sai Duba-gari ya sake tsugunawa, a gabanta, ba nisa. Zuciyarta ta ce tashi, gwiwa ta ce ba inda za a je. Tsintsiya tana can bakin famfo inda ta faɗi. Ba yadda ta iya, sai ta zuba masa ido, ko ihun ma ta kasa don zafin ciwo.

"Ya gama, ya juyo. Na ce shi ke nan. Amma 'yar nan, bai ci ba. Ni ya tsaya kallo. Ya kwantar da ƙirji a ƙasa, ya ɗaga gindi, jela tana kaɗawa, irin na mai cewa taho mana. Ya dubi kashin, ya dube ni. Har haushi ya yi mini sau ɗaya, wai na makara. Da ya ga ban motsa ba, ya ɗan shinshina abin, ya yi tsaki irin nasu, ya tafi ya jawo tsintsiyar da baki ya kawo mini."

Na ce, "Ya kawo miki tsintsiya?"

"Wallahi har gabana. Ashe duk kwanakin nan tsere muke yi, ni ce ban sani ba. Ki duba fa. Abincinsa a hankali nake kai masa. Ruwansa a hankali. Duk duniya bai taɓa ganin na yi gudu saboda wani abu ba sai wannan. To me zai ce a ransa? Abin da tsohuwar nan take yar da wanki ta taho tana ihu a kansa, ai dukiya ce, bari in riga ta."

Na yi dariya har da hawaye, ita ma ta yi, gwiwa ta katse mata.

Sanin ciwo daban, magani daban. Wanda ya sha wuyar horon nan ba Duba-gari ba ne, Kaka ce. Ta sa na ɓoye tsintsiya da shebur a bayan ƙofar kicin, don ganinsu kaɗai yana tayar masa da tsumin gasa. Ta daina bar masa abinci a kwano duk wuni, ta koma ba shi safe da yamma, ta yadda za ta san lokacin da cikinsa zai motsa. Ta ƙulle gutsattsarin busasshen kifi a bakin zaninta. In ya tsuguna sai ta ɗauke kai ta kama kallon ganyen gwaiba, kamar an ce ta ƙirga su. Ina ganin yatsun ƙafarta suna motsi. Matar da ta yi shekara da shekaru ba ta bar ƙazanta ta huce a ƙasa ba, ga ta zaune ga abu yana tururi a tsakar gidanta.

Ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Ko zan mutu ba zan tashi ba."

In ya gama sai ta kira shi da wata sanyayyar murya da ban san tana da ita ba. "Duba-gari, zo nan." Ya zo, ta jefa masa kifi, ta ɗingisa ta kai shi lungunsa ta ja kwanon ta rufe. Sai a sannan, ba ya gani, take kwashewa, a hankali, kamar ɓarauniya a gidanta.

Ba kullum ake dacewa ba. Akwai ranar da ƙuda ya sauka a kan abin, Kaka ta manta, "Kai!" ya kuɓuce mata, shi kuwa kamar jira yake. Ta ciji yatsa, aka koma farko. Amma kafin wata ya ƙare, ya zamana yana gamawa ko waiwaye ba ya yi, sai ya sheƙo wurin bakin zani. Kumburin gwiwar ya ragu, ɗingishin ne ya ƙi tafiya.

Ranar ƙarshen wata Kawu ya zo da hantsi da iyalinsa, ya ajiye motar dab da ƙofa, ya bar bayanta a buɗe. Ya tarar da Kaka ta riga ta zauna a gindin gwaiba, ta lulluɓe ƙafafunta da zani. Ta sa na shimfiɗa tabarma, na zuba wa Duba-gari abinci a gabansu.

"Sharaɗi ɗaya," in ji ta. "Kowa ya zauna inda yake. Ba ihu, ba tashi."

"Yau na ga ikon Allah," in ji Kawu. "Na rufe gareji, na bar motar mutane a kan jak, na zo kallon kare zai yi kashi."

"Kai ka sa ranar."

Aka zauna. Matar Kawu tana danne dariya da mayafi. Can Duba-gari ya fara zagaye yana shinshina ƙasa, ya zaɓi wuri, ya lanƙwasa baya. Sai dai wurin da ya zaɓa bai da nisa da inda takalmin auta ya faɗi, kuma daidai lokacin yarinyar ta zame daga cinyar uwarta ta nufi takalminta, taga-taga.

Ɗan Guguwa ai ba a koya masa tashi. Kafin kowa ya yi magana Kawu ya zabura, ya tsallake tabarma, ya ɗauke auta da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya suri murfin bokiti, ya yi kan kwikwiyon yana "Kai! Kai! Kai!" da muryar nan tasa mai girgiza kwano.

Duba-gari ya ga sabon abokin tsere, ƙato, mai sauri. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba ya share wurin, ya ɗago yana kaɗa jela kamar za ta cire.



"To," in ji Kawu yana haki. "Kowa ya gani."

"Na gani," in ji Kaka. "Na ga ɗana ya yi gudun da ya gada. Na ce kada a tashi."

"In bar yarinya ta taka kashi?"

"Ɗaukar yarinya daban, ɗaukar murfin bokiti daban."

"Inna, magana ce kika yi. Kin ce in bai daina ba za ki ba ni makulli."

Kaka ta dafa gwaiba ta miƙe. Ta manta da lulluɓin, zanin ya zame, ɗaurin gwiwar ya fito fili. Ta yi taku biyu, kowa ya ga ɗingishin.

"Inna! Me ya sami ƙafarki?"

"Faɗuwa na yi."

"Yaushe? Ke kaɗai? Kuma ba wanda ya gaya mini?" Ya juyo kaina, na sunkuyar da kai. "Kin ga abin da nake faɗa ke nan! Da kanki kika buga fa? Wa zai sani?"

"Ƙyale yarinya, ni na hana ta. E, na faɗi. Na faɗi a gidana, na tashi a gidana. Kuma ƙafar nan da kake gani ta fi ka hankali, don ita ta koya mini zama." Ta kwance makullin gidan daga bakin zaninta ta ajiye a ƙasa gefen kujerar. "Ga shi nan. Ban fasa magana ba. Amma wata bai ƙare ba sai rana ta faɗi, shi kuma sau biyu yake yi. Za ka zauna kusa da makullin nan. In ya ci kana zaune ba ka motsa ba, ɗauka, ni zan riga ka shiga mota."

 Matar Kawu ta ce, "Baban auta, ai gaskiya ne, kai ka karya sharaɗi." Ya harare ta, amma ya zauna.

Wunin nan ya yi tsawo. Aka ci abinci ba hira. Da la'asar ta yi sanyi aka shigar da yara ɗaki aka ja ƙofa, aka ba Duba-gari na yamma. Kawu yana kan tabarma, Kaka tana kan kujera a gefensa, makulli a ƙasa tsakaninsu.

Ya zagaya, ya tsuguna, ya gama. Sannan ya juyo, bai ko kalli Kaka ba, Kawu ya zuba wa ido. Ya kwantar da ƙirji, ya ɗaga gindi, ya yi haushi. Ya matsa kusa da abin har hancinsa ya kusa taɓawa, idonsa na kan Kawu. Na ga jijiyar wuyan Kawu ta tashi, gwiwarsa ta fara rawa. Kaka ta miƙa hannu ta dafa gwiwar, ta danne.

"Kalli gwaiba," ta ce masa ba tare da ta motsa leɓe ba.

Kawu, ƙato guda, mai gemu da furfura, ya ɗaga kai yana kallon ganye.

"Duba-gari," in ji Kaka a hankali. "Zo nan."

Kwikwiyon ya dubi abin da ke gabansa, ya dubi Kawu, ya sake yin wani ɗan haushi na ƙarshe, na mai cewa kai ma ka zama irinta. Sai ya juya ya taho da ɗan gudunsa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ya zauna a gaban Kaka. Ta jefa masa kifi. Ta tashi da ɗingishinta ta kai shi lungu ta rufe. Ta dawo, ta sunkuya, ta ɗauki makullin, ta ƙulle shi a bakin zani, ƙulli biyu.

 Can Kawu ya ce, "Gobe zan kai ki a duba ƙafar nan."

"A kai ni, a dawo da ni."

"Kuma simintin bakin famfon nan zan sa a farfasa shi a yi mai kaushi."

"Ban da sawun ƙanwarka."

"Ban da shi." Ya numfasa. "Ɗakin dai yana nan, Inna."

"Allah ya ba shi mai shiga." Ta koma kan kujerarta, ta miƙe ƙafa, ta nuna masa tsakar gida da haɓa. "Tsintsiya da shebur suna bayan ƙofar kicin. Tashi ka kwashe. A hankali, mai gareji, kada ya ji motsinka."